Tarihin Sharhin Fim da Rawar da Ya Taka a Rayuwar Finafinai Masu Zaman Kansu

Sharhin fim sana'a ce ta kallon fim, a auna shi, sannan a rubuta wa jama'a hukunci tare da hujjar da aka dogara da ita. Ta yi tashe ne a jaridun Amurka da na Turai tun farkon ƙarni na 20, kuma babu inda nauyinta ya fi bayyana kamar a kan finafinai masu zaman kansu, wato waɗanda aka shirya ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood ba. Babban kamfani yakan zuba miliyoyin daloli a tallan fim guda, saboda haka ko masu sharhi sun yaba ko sun kushe, labarinsa zai isa kunnen kowa. Ƙaramin fim kuwa sau da yawa ba shi da mai tallata shi sai wanda ya kalla ya rubuta. Wannan ne ya sa tarihin masu sharhi da na ƙananan masu shirya fim suka taho tare, ba a iya ba da labarin ɗaya a bar ɗaya.

Bayan da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara nuna majigi ana biyan kuɗin shiga a birnin Paris a watan Disamba na 1895, an ɗauki shekaru jaridu ba su ɗauki fim a matsayin abin da ya cancanci nazari ba. Abin da ake bugawa sanarwa ce kawai ga masu gidajen kallo: tsawon fim, abin da ya ƙunsa, da ko zai kawo ciniki. Jaridar Variety ta fara buga gajerun sharhohi a 1907, sannan a 1908 Frank E. Woods ya soma rubutu a kai a kai a New York Dramatic Mirror, yana duba yadda 'yan wasa ke motsi da yadda ake jera labari. A cikin wannan shekara ta 1908 ne Thomas Edison da abokan cinikinsa suka haɗa wata gamayya da ta mallaki haƙƙin na'urorin ɗauka da na haska fim, suka nemi hana kowa sana'ar sai da lasisinsu. Waɗanda suka ƙi bin gamayyar, irin su Carl Laemmle, su ne aka fara kira masu zaman kansu. Kotu ta karya gamayyar a 1915, amma kafin a je ko'ina waɗannan 'yan tawayen sun zama su ne manyan: Laemmle ne ya kafa Universal a 1912. Wanda ya ci gaba da zama a waje da gaske shi ne irin su Oscar Micheaux, baƙar fatar da ya fara da The Homesteader a 1919, ya shirya finafinai sama da 40, yana yawo da su gari gari. Manyan jaridun fararen fata ba su cika waiwayarsa ba. Jaridun baƙaƙe irin su Chicago Defender ne suka riƙa ba da labarin aikinsa, suna yabo, wani lokaci suna yi masa faɗa.

Ba da maki da taurari ya shigo ne a 1928, lokacin da jaridar New York Daily News ta fara ɗora taurari a kan sharhin Irene Thirer, har zuwa uku, daga baya aka ƙara na huɗu. Jarida ce ta talakawan birni masu karatu a tsaye cikin jirgin ƙasa, kuma tauraro yana gaya wa mai sauri abin da yake son sani cikin ƙiftawar ido. Sai dai a wancan zamani hukuncin mai sharhi bai cika canza komai ba. Manyan kamfanoni su ne masu fim, su ne masu rarrabawa, wasunsu kuma su ne masu gidajen silima. Mai gidan kallo da ke zaman kansa ba ya samun fim mai farin jini sai ya yarda ya ɗauki tarin wasu tare da shi, tun bai gan su ba. Sai a 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da sunan Paramount, aka hana wannan cinikin dole, aka kuma tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen kallonsu. Daga nan ne ƙananan silimomi suka sami sararin zaɓar abin da za su nuna, ciki har da finafinan Italiya da Faransa da Japan, kuma mai zaɓi yana bukatar mai ba shi shawara.

Babban sauyin tunani daga Faransa ya zo. A 1951 André Bazin da abokansa suka kafa mujallar Cahiers du cinéma, ta tara matasa masu zafin alƙalami: François Truffaut, Jean-Luc Godard, Éric Rohmer, Jacques Rivette da Claude Chabrol. A 1954 Truffaut ya buga wata maƙala da ta caccaki finafinan da manyan masu shirya fim na ƙasar ke alfahari da su, yana ganin adabi ne kawai aka kwafe aka sa wa hoto. Ra'ayin da suka tsaya a kai shi ne darakta ne mawallafin fim, kamar yadda marubuci yake ga littafinsa, kuma ana gane hannunsa daga wannan aiki zuwa wancan. Mujallar ta kuma fito da wani jadawali da masu sharhi goma ke cikewa: sunayen finafinai a gefe, sunayen masu sharhi a sama, kowa ya sa ɗigo baƙi ga fim ɗin da bai cancanci a fita dominsa ba, ko taurari har zuwa huɗu ga wanda ya kai ƙololuwa. Kyawun jadawalin shi ne ba ya ɓoye saɓani. Mai karatu zai ga fim guda ya sami ɗigo a wajen wannan, taurari huɗu a wajen wancan, ya san waye ya ce me.

Waɗannan matasa ba su tsaya a rubutu ba. Truffaut, wanda aka hana shi halartar bikin Cannes na 1958 saboda kaifin sukarsa, ya dawo bikin a 1959 da fim ɗinsa na farko, Les Quatre Cents Coups, ya karɓi kyautar gwarzon darakta. Godard ya biyo baya a 1960 da À bout de souffle, wanda aka ɗauka a kan titunan Paris da kuɗi kaɗan. A 1962 ƙungiyar masu sharhin Faransa ta buɗe nata sashe a Cannes, Makon Masu Sharhi, domin fim na farko ko na biyu na sababbin daraktoci. Ta wannan ƙofa ce La Noire de... na Ousmane Sembène na Senegal ya shiga a 1966, sannan Cabascabo na Oumarou Ganda na Nijar ya bi sahu a 1969.

A Amurka, labarin da ya fi nuna kusancin mai sharhi da ƙaramin fim shi ne na Shadows. A 1957 ɗan wasa John Cassavetes ya shiga wani shirin rediyo na dare a New York, ya ce in jama'a na son ganin fim a kan mutane irinsu, to su aiko da gudunmawa. Masu sauraro suka aiko, dala ɗaya, dala biyu. Ya haɗa da nasa da na abokai, ya ɗauki fim da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16, da 'yan wasan da ba a san su ba. A ƙarshen 1958 aka nuna shi da tsakar dare a wani gidan silima, mutane da dama suka tashi suka fita tun bai ƙare ba. Jonas Mekas, ɗan gudun hijira daga Lituweniya wanda ya kafa mujallar Film Culture kuma yake da shafi a jaridar Village Voice, shi ya tsaya wa fim ɗin, har mujallarsa ta ba shi lambar yabonta ta farko ta fim mai zaman kansa. Amma Cassavetes bai gamsu da aikinsa ba. Ya sake ɗaukar wani babban ɓangare, ya fito da sabon zubi a 1959. Mekas ya fusata, ya rubuta cewa an lalata fim ɗin don neman kasuwa, su biyun suka yi ta musayar kalamai a jarida. Zubin na biyu ne ya ci kyautar masu sharhi a bikin Venice a 1960, shi ne kuma duniya ta sani. Wannan rigima ta bayyana wata matsala da ba ta rabu da sana'ar ba har yau: mai sharhin da ya ɗaga fim daga ƙasa yakan ji kamar yana da haƙƙi a kansa.

Shekarun 1960 da 1970 su ne zamanin da muryar masu sharhi ta fi ƙarfi. Andrew Sarris ya shigo da ra'ayin Faransawa na fifita darakta a 1962, Pauline Kael ta mayar masa da martani mai zafi a 1963, aka yi shekaru mabiyansu na jayayya. A 1967 Bosley Crowther na New York Times ya yi wa Bonnie and Clyde kaca-kaca. Joe Morgenstern na Newsweek ma ya kushe, amma ya sake kallo, bayan mako guda ya janye maganarsa a fili. Kael kuma ta rubuta doguwar kariya a New Yorker. Kafin a daɗe Crowther ya bar kujerar da ya riƙe shekara 27. Kuskure kan faɗo wa ƙananan finafinai ma. Night of the Living Dead, wanda George Romero ya shirya a yankin Pittsburgh a 1968 da kuɗin da ya ɗan haura dala 100,000, ya sha suka da farko a matsayin ƙazamin fim na tsoratarwa, sai daga baya masu sharhi, musamman na Turai, suka ga abin da ke cikinsa.

Wanda ya kai sana'ar cikin ɗakunan talakawa shi ne Roger Ebert, mai sharhin Chicago Sun-Times daga 1967 har rasuwarsa a 2013, kuma mai sharhin fim na farko da ya sami kyautar Pulitzer, a 1975. A shekarar da ya fara aiki ya kalli fim ɗin farko na wani matashi mai suna Martin Scorsese a bikin finafinai na Chicago, ya yaba masa tun babu wanda ya san shi. Daga 1975 ya fara shirin talabijin da Gene Siskel na Chicago Tribune, abokin hamayyarsa. Tsarin shirin mai sauƙi ne: su biyu zaune a kujerun silima, a nuna gutsuren fim, su yi gardama, daga ƙarshe kowa ya ce eh ko a'a, hukuncin da daga baya ya koma ɗaga babban yatsa sama ko kifar da shi ƙasa. Abin da ya bambanta su shi ne sukan ba ƙaramin fim lokaci daidai da na babba. My Dinner with Andre na 1981 fim ne na mutum biyu zaune a gidan abinci suna hira kusan awa biyu, kuma yana dab da sauka daga allo a New York lokacin da suka yabe shi. Daga nan ya yi watanni ana kallonsa, ya bazu zuwa wasu birane. A 1994 suka yi wa Hoop Dreams irin wannan hidima. Fim ne na gaskiya mai tsawon kusan awa uku, wanda ya bi rayuwar wasu samari biyu baƙaƙe na Chicago masu burin ƙwallon kwando tsawon shekaru. Sun yabe shi a talabijin tun bai sami mai rarrabawa ba, suka kuma yi ta ƙorafi da aka ƙi sa shi cikin jerin masu neman Oscar na finafinan gaskiya. Ebert ya zaɓe shi a matsayin fim mafi kyau na shekarun 1990 gaba ɗaya.

Babban yatsan bai tsira daga suka ba. A 1990 Richard Corliss ya rubuta a mujallar Film Comment cewa irin wannan hukunci na eh ko a'a yana kashe sharhi mai zurfi, Ebert ya ba shi amsa a mujallar. Shi kansa Ebert ya sha bayyana cewa taurarinsa ba ma'auni ɗaya ba ne ga kowane fim, ana auna fim ne da takwarorinsa, kuma abin da ya rubuta ya fi adadin taurarin muhimmanci. Corliss yana da gaskiya game da inda al'amarin ya nufa, amma shaidar da ke ƙasa ta nuna yatsun nan biyu sun kai mutane kallon finafinan da dogayen maƙalu ba su taɓa kai su ba.

A daidai wannan lokaci bukukuwan fim suka zama kasuwar ƙananan finafinai. Bikin da aka fara a Salt Lake City a 1978 ya koma Park City a 1981, cibiyar Sundance ta Robert Redford ta karɓi ragamarsa a tsakiyar shekarun 1980, aka sa masa sunanta a 1991. Stranger Than Paradise na Jim Jarmusch ya ci kyautar fim na farko a Cannes a 1984, ƙungiyar masu sharhi ta ƙasa ta Amurka kuma ta zaɓe shi gwarzon shekara. Spike Lee ya shirya She's Gotta Have It a 1986 da dala 175,000, ya samo kimanin miliyan 7. Steven Soderbergh ya tashi da fim ɗinsa daga Park City a farkon 1989 ya je ya ɗauke babbar kyautar Cannes a shekarar. Robert Rodriguez ya ɗauki El Mariachi da kusan dala 7,000, Kevin Smith kuma ya ɗauki Clerks da kimanin dala 27,000 a shagon da yake aiki, da dare bayan an rufe. Yadda cinikin ke gudana shi ne a nuna fim da yamma, kafin gari ya waye sharhin Variety da na Hollywood Reporter sun fito, masu sayen haƙƙin rarrabawa su karanta su yanke shawarar farashi. Sakin layi biyu na iya ninka kuɗin fim, ko su sa a koma da shi gida.

Yabo kaɗai ba ya buɗe kowace ƙofa. Killer of Sheep na Charles Burnett, wanda ya ɗauka a unguwar Watts ta Los Angeles da kuɗin da bai kai dala 10,000 ba, ya sami kyautar masu sharhi a Berlin a 1981, aka kuma sa shi a rajistar finafinan tarihi ta Amurka a 1990, amma bai fita kasuwa ba sai 2007, saboda babu kuɗin biyan haƙƙin waƙoƙin da ke cikinsa.

Da riba ta bayyana, manya suka shigo. Disney ta sayi Miramax a 1993, Fox ta buɗe sashenta na ƙananan finafinai a 1994, sauran ma suka bi. Aka daidaita hanyar fitar da irin waɗannan finafinai: a fara da silima biyu ko huɗu a New York da Los Angeles, a tattara kalaman yabo, a buga su a talla, sannan a faɗaɗa zuwa sauran birane mako bayan mako. Da kalmar mai sharhi ta zama haja, sai algus ya shiga. A 2001 mujallar Newsweek ta gano cewa wani mai sharhi da ake kira David Manning, wanda yabonsa ke fitowa a tallan finafinan Sony, babu shi a duniya. Ma'aikatan talla ne suka ƙirƙire shi.

Intanet ta sake juya komai. Shafin Rotten Tomatoes, wanda aka buɗe a 1998, yakan raba kowane sharhi gida biyu, yabo ko kushe, ya fitar da kaso cikin ɗari. Fim ɗin da ya kai kashi 60 shi ne ya tsallake. Metacritic, daga 2001, yakan mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100, ya fitar da matsakaici yana fifita wasu jaridu a kan wasu. Akwai amfani a nan, domin ƙaramin fim mai kashi 95 yana da abin nunawa ba tare da ya biya ko sisi ba. Amma lissafin Rotten Tomatoes ba ya auna zurfin so. Fim ɗin da kowa ya ce ba laifi zai iya samun kashi 100, wanda rabin masu sharhi suka ɗauka gagarumin aiki ne rabi kuma suka ƙi shi zai tsaya a 50, alhali irin wannan na biyun ne finafinai masu zaman kansu suka fi haifarwa. Saɓanin da jadawalin Cahiers ke baje wa mai karatu, a nan an narkar da shi cikin lamba ɗaya. Ga kuma ƙarancin masu rubutu: fim ɗin da sharhi 15 kawai aka yi masa, ra'ayi uku sun isa su ɗaga shi ko su kayar da shi. A 2023 shafin Vulture ya ruwaito yadda wani kamfanin talla ke biyan wasu ƙananan masu sharhi domin a gyara wa finafinai maki.

Yayin da lambobi ke ƙaruwa, kujerun masu sharhi a jaridu raguwa suka yi. Tun daga wajajen 2008 jaridun Amurka da dama suka sallami nasu saboda karyewar kuɗin talla. A 2015 New York Times ta sanar cewa ta daina ba da tabbacin yin sharhi a kan kowane fim da aka fitar a silimomin birnin, al'adar da ƙananan masu shirya fim suka daɗe suna dogaro da ita. Village Voice, gidan Mekas da Sarris, ta daina fitowa a takarda a 2017. Wani ɓangare na aikin ya koma hannun masu kallo, a YouTube da kuma Letterboxd, shafin da aka kafa a New Zealand a 2011, inda kowa ke ba da taurari daga rabi zuwa biyar. Kamfanoni irin su A24 da Neon suna lura da abin da ake faɗa a can kamar yadda na da suke jiran jaridar safiya.

Duk da haka tsohuwar hanyar ba ta mutu ba. Moonlight na Barry Jenkins, wanda aka shirya da kimanin dala miliyan 1.5, ya fara daga bikin Telluride a 2016, aka buɗe shi a silima huɗu kacal, yabon masu sharhi ya riƙe shi har ya zama gwarzon fim a Oscar na 2017. A ɗaya gefen, To Leslie na 2022 ya sami yabo sosai, amma abin da ya tara a fitowarsa ta farko bai kai dala 30,000 ba, sai da fitattun 'yan wasa suka yi masa gangami aka san da shi. Sean Baker, wanda ya ɗauki Tangerine da wayar iPhone a 2015, ya shirya Anora da dala miliyan 6, fim ɗin ya ci babbar kyautar Cannes a 2024 da Oscar biyar a Maris na 2025. A zaɓen gwarzon fim na 2024, ƙungiyar masu sharhi ta Los Angeles ta ɗauki Anora, ta New York ta ɗauki The Brutalist, ta ƙasa kuma ta ɗauki Nickel Boys.